Injin Buga Etiket a Gidan Kilishi

Mu biyu ne a gidan kilishinmu na unguwar Digel a Injamena, ni da yayana. Shi ke da wuƙa, ni ke da baki. Haka mahaifinmu ya raba mana aiki tun yana da rai, ya ce in aka ba ni wuƙa yatsa zan yanke, in kuma aka ba Yaya ciniki da kallo kaɗai zai kori mai saye. Yaya zai yanka cinyar sa falle-falle har ka hango mai wucewa ta cikin naman, amma maganar da yake yi daga asuba zuwa magariba ba ta cika cokalin shayi. Ni kuwa an ce ranar da aka haife ni, ni na fara yi wa ungozoma sannu da aiki.

Kakanmu Badamagare ne. Makka ya nufa a ƙafa, da ya iso bakin kogin Shari ya ce bari ya ɗan huta ya nemi guzuri. Hutun nan muke ciki har yau. Wataƙila shi ya sa Allah ya rataya abincinmu a wuyan alhazai. Abin da muke kaiwa butik-butik, wato shagunan cikin gari, na cefane ne kawai. Abin da ke riƙe gidan shekara guda, ya ciyar da iyalina da na Yaya, shi ne sautun wata Hajiya Balarabiya ta unguwar Ambasatna, mai haɗa wa maniyyata guzurin tafiya. Bayan ƙaramar salla take aiko mana da saƙo, mu kuma mu shiga yanka da shanya ba ji ba gani har jirgin ƙarshe ya tashi. Tun zamanin mahaifinmu ba ta taɓa fasawa ba.

Takardar da ake maƙalawa a bakin leda, wadda mu a nan muke ce wa etiket, a Maiduguri ake buga mana ita. Jan sa ne a tsaye a kan ruwan ɗorawa, Faransanci a samansa, Larabci a ƙasansa. Wani direba ke ɗauko mana ita ta Gambaru da Kusuri, ranar da ya ga dama. Wani zubin a yi ta jira har a manta, wani zubin san ya iso da kalar jakin da ya tashi daga zazzaɓi. Haka nan za mu danna masa agraf, ɗan ƙarfen nan na maƙale takarda, a bakin leda mu yi shiru.

Ana nan, 'yan shekaru bayan shiga dubu biyu, lokacin da kowa a Injamena ya fara rataya salula a ƙugu ko da babu mai kiransa, na shiga wani butik a unguwar Milezi sayen batir. Ina ɗaga kai sai ga jan sanmu a kan kanta. Ni kuwa ban taɓa kai wa mai butik ɗin kaya ba. Na saya, na fita waje, na yage ledar. Jama'a, na ci kilishi a duniya, amma ban taɓa cin ƙasan takalmin soja ba sai ran nan. Na ciza sau ɗaya, haƙorina ya ce mu tsaya a yi sulhu. Na jefa wa wani kare, ya shinshina, ya dube ni kamar na zagi gyatumarsa, ya kama gabansa.

Mai butik ya ce wani mai keke ne ke kawo masa. Bai san sunansa ba, bai san unguwarsu ba, bai ma tabbata keken nasa ne ba.

Tun daga ran nan na zama ɗan sandan ciki ba tare da kowa ya ɗauke ni aiki ba. Mai ɗab'in Maiduguri na fara zargi: me zai hana shi ya buga fiye da abin da na ce, ya sayar da ragowar a bayan shago? Sai direba: me ya sa kullum kwalin ke isowa da sabon ƙulli, ba irin na mutanen Borno ba? Ko ma ba a buga komai ba, bola kawai ake bi ana tsintar tsofaffin etiket, tunda agraf kaɗai ke riƙe da su, ka ɓalle su fes kamar ba a taɓa ba. Sai kuma maƙwabcinmu, wani Bakano da bai daɗe da zuwa ba ya kafa teburin kilishi a bakin layinmu, mai yawan murmushi. Ni ban yarda da mai yawan murmushi ba, don ni ma ina yi, na san abin da ke ƙarƙashinsa. Akwai wasan Badamagare da Bakano a tsakaninmu, yana ce mini jikan mai kwana a hanya, ina ce masa in aka bar Bakano da inuwarsa sai ya yi mata kuɗi. Amma wasa daban, kasuwa daban.

A can Milezin akwai wani ɗan kudu, kudancin ƙasar nan, mai shagon buga takardu, wanda ke yi wa mutane takardar neman aiki da katin biki. A wurinsa na ga injin. Wani ɗan akwati ne da bai fi tukunyar miya ba, ka zura masa farar takarda ta baya, ya yi kuka kamar akuya mai naƙuda, ya haifo maka amarya da ango da furanni, kala har kala. Na tsaya ina kallo har na manta abin da ya kawo ni.

Na iske Yaya a filin shanya yana tsoma falle a cikin labu, wato kwaɓin tunkuza da yaji da ake yi wa kilishi riga da shi.

“Yaya, in muka sayi injin nan, babu Maiduguri, babu direba. Sanmu a ɗakinmu za a riƙa haihuwarsa.”

“Nama ake ci ko takarda?”

“Takarda ke kawo mai ci.”

“Baba ba shi da inji.”

“Baba ba shi da ɓarawo mai keke.”

Ya shimfiɗa fallen a kan gadon kara, ya gyara gefensa, ya kori ƙuda. Na ɗauka an gama, don shirun Yaya ma jawabi ne. Har na juya sai ya ce, “Sayo. Amma in abin nan ya taɓa mini alhazai, ka ɗauki bakinka in ɗauki wuƙata.”

Ban yi dariya ba. Yaya ba ya maimaita magana, kuma ba ya janye ta.

Wani ɗan kasuwa mai zuwa Dubai ya sayo mana injin da ordinater ɗinsa, wato kwamfuta. Da ya faɗa mini kuɗin sai da na nemi kujera. Na ƙara da ɗan grup, janareta mai shan fetur, don wutar kuran a Digel kamar ɗan'uwa mai kuɗi yake, ba ya zuwa sai ya ga dama, in ya zo ma ba ya zama. Na kwashe buhunan citta da masoro daga ɗakin yaji, na share, na sa wa ƙofa kwado biyu, na rataya makullan a wuyana kamar laya. Ƙarshen damina ne, lokacin da garin nan ke turara mutum kamar dambu.

Ɗan kudun ya zo ya haɗa wayoyi, ya zana mana san a ordinater, ya nuna mini inda zan danna. Ina tsaye a kansa kamar mai gadin banki. In ya sa hannu a aljihu sai in yi tari. Da zai tafi ya ce, “Patron, tawadar injin nan ba irin ta Maiduguri ba ce, ba ta shiri da laima. In ka buga, kawo mini in rufe maka su da roba.”

Na ce a raina, ka ji shi. Wato in sayi inji don kada kowa ya taɓa mini etiket, sa'an nan in ɗauke su da hannuna in kai masa Milezi, unguwar da na ga kayan jabu. Wa ma ya sani ko yana da keke? Na yi masa godiya, na raka shi har bakin titi don in tabbata ya tafi.

Ranar da jan sa na farko ya fito, sai da na yi masa sallama. Ja ne jawur, ido na ƙyalli, tozo kamar tulun Gwari. Na kai wa Yaya da hannu biyu. Ya daɗe yana dubawa, ya ce, “Ƙahon ya yi tsawo.” A wurin Yaya wannan guɗa ce.

To, ka san mutum in ya sami abin da bai saba ba. Na dubi bayan takardar na gan shi fari fat, na ce wannan ai asara ce, gona a zaune ba shuka. A da in na nemi a buga gaba da baya, mai ɗab'i sai ya ninka kuɗi, yanzu kuwa wa zai hana ni? Na ɗauko alƙalamin kara da tawada, na rubuta wa kilishinmu kirari da ajami, da hannun da na koya a makarantar allo, baƙi manya-manya masu jela. Ɗan kudun ya ɗauki hoton rubutun ya sa mini a ordinater, ina tsaye a kansa kamar wancan karon, na kuma karɓe takardata kafin ya gama cewa an gama.

Saura masu bin bola. Su ma na yi musu dabara. Na ce daga yau babu agraf, a cikin ledar za a riƙa sa etiket, a kwance a kan naman, jan sa na kallon waje, sa'an nan a liƙe baki da wuta. Duk wanda ya tsinci takardar da ta sha man tunkuza ya je ya maƙala a kayansa in gani. Na kwanta ran nan ina jin duk Injamena babu mai wayona, har ƙetaren kogi.

Makonnin farko lafiya lau. Cikin azumi abin ya fara. Mai butik ɗin da kan karɓi kwali biyu ya ce in bar ɗaya. Wani ya ce akwai saura, alhali ina hango kantarsa wayam. Wata mata mai sayarwa a bakin tasha ta aiko mini da kayana gaba ɗaya, ba a buɗe ko ɗaya ba, ta ce wai cikinta ne ba ya so, kamar ita ke cinyewa. Na tambayi wannan, na tambayi wancan, kowa sai ya ce “Afe, afe, lafiya lau,” yana kallon wani wuri. A masallaci mutumin da muke sahu ɗaya da shi shekara da shekaru ya fara barin tazarar da akuya za ta wuce tsakanina da shi.

Bayan shan ruwa na buɗe leda na ɗanɗana, da zafinta daga wuta, babu abin da ya canza, kilishin Yaya ne mai sa mutum ya ciji yatsa. Saboda haka na san da hannun wani a ciki. Na ce mai ɗab'in Maiduguri ne ya ji haushin an ƙwace masa aiki ya turo a ɓata mu. Na ce direba ne, don shi ma ya rasa na goro. Na ce ɗan kudu ne. Har uwargida na fara yi wa kallon gefe ranar da ta tambaye ni sau biyu ko na kulle ɗakin inji.

Ana sauran 'yan kwanaki salla, da rana tsaka, ina zaune a zaure ina fifita, sai ga Bakano. Ya yi sallama ƙasa-ƙasa, ya tsuguna kusa da ni, ya duba gabas ya duba yamma. Babu murmushi ran nan, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan.

“Jikan mai kwana a hanya, tsakaninka da Allah, a ina malamin naka yake?”

“Wane malami?”

“Haba maigida. Mu ma fa 'yan kasuwa ne, da haƙoranmu muka zo garin nan. Wanda ya haɗa maka tawadar nake nufi.”

“Tawadar a kwalba take zuwa, daga Dubai.”

Ya gyaɗa kai a hankali. “Ai dole. Irin wannan ba a samunta kusa.” Ya matso. “Ni ba ƙyashi nake yi ba, wallahi. Ka buga mini nawa ko kaɗan ne, da sunana, in yi maka ihsani. Sai dai a ce masa ya rage ƙarfi. Naka an ce ya yi yawa, har ya fito fili.”

Nan take na gane, ko na ɗauka na gane. So yake ya shiga ɗakin inji ya ga yadda ake yi. Na ce, “Bakano, malamin nawa ɗan Japan ne, ba ya cin goro, ba ya karɓar zakara, fetur kawai yake sha. Kuma ba ya ganin Kanawa, ya ce suna taya sadaka.”

Bai yi dariya ba. Ya miƙe yana kakkaɓe riga ya ce, “Na ji an ce na can ɗin sun fi zafi. Ka dai yi tunani.” Ya bar ni da mafici a hannu, ina jin kamar an ba ni labari daga tsakiya.

Salla ta zo ta wuce. Babu saƙon Hajiya. Duk wanda ya yi sallama sai in zabura, sai in ga mai neman rancen gishiri ne. Wata safiya na ga Yaya ya ɗauke dutsen wasa wuƙa daga tsakar filin shanya, inda yake tun muna yara, ya kai shi ƙofar sashensa. Ban karya ba ran nan. Na sa babbar riga na nufi Ambasatna.

Na iske Hajiya a rumfar tsakar gidanta, naɗe cikin lafaya, turaren wuta na tashi. A gefe ga wani tsohon faki, wato malamin da ke raka maniyyatanta, yana jan carbi. Na zuba gaisuwa da Larabci, na ƙara da Hausa, na tambayi yara da jikoki da zafi da sauro. Ana amsawa a taƙaice. Ba a kawo shayi ba. A gidan Balarabiya in ka zauna ba a kawo shayi ba, fara duba inda ka ajiye takalmi.

Hajiya ta sa hannu ƙarƙashin darduma ta jawo ledar kilishinmu, wadda ta kwana biyu a shago. Daga ciki duk ta yi gumi. Ta yage ta a gabana, ta kama kunnen etiket da yatsa biyu kamar mai ɗaga mataccen ɓera, ta ɗaga.

“Ya wiledi,” in ji ta, wato ɗana, “da shunu? Mene ne wannan?”

Bayan takardar ya koma fari, sai ɗan dishi-dishi. Kirarina kuwa yana nan kwance a jikin naman, baƙi ƙirin a kan labu, layi bayan layi, da jelolinsa, kuma a juye, daga hagu zuwa dama.

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san rubutun da ke barin inda aka rubuta shi ya shiga abin da za a haɗiye. Mu rubutun sha muke cewa, Larabawa su ce mihaya. Wannan na neman lafiya ne, kuma da saninka kake sha. Amma wanda aka ɓoye maka a cikin abinci, da hannun allo, kuma a juye? Ko yaron goye ya san sunansa. A nan maganar Bakano ta faɗo mini gaba ɗaya, da tazarar masallaci, da cikin matar tasha.

“Hajiya, wallahi tallahi tawadar inji ce. Laima ce ta narkar da ita. Kawo in cinye a gabanki, har takardar.”

“Ka ci mana. In na mallaka ne, kanka za ka so, ka kuwa riga ka so shi tuntuni.” Ta turo naman gaban tsohon. “Mutanena ɗakin Allah za su. In ba su wannan su shiga harami da shi a ciki? Faki ya duba ya kasa karantawa.”

Tsohon ya ce haruffan ya san su, amma sun ba shi baya. Na roƙi a kawo madubi. Aka kawo na kwallin Hajiya, ɗan mitsitsi mai tsaga a gefe. Na riƙe fallen kilishi a gabansa, faki ya gyara tabarau ya leƙa. Haruffan suka juyo daidai. Ya fara haɗawa da ƙyar, yana tsayawa, don shi Larabci ya sani, ba Hausa ba.

“Wan-da… ya… ci… Wannan ba Larabci ba ne. Sunayen su wa ke nan?”

“Hausa ce, Allah gafarta malam, ajami. Kirari ne kawai na talla.”

“To karanta mana,” in ji Hajiya.

Na so in ce addu'ar sauka lafiya ce. Amma Hajiya ta shekara arba'in tana ciniki da mahauta, Hausarta ta fi ta wasu 'ya'yanmu. Na share murya na karanta abin da na rubuta da hannuna:

“Kilishin Digel, ɗan gidan jan sa. Wanda ya ci sai ya dawo. Wanda ya dawo ba ya ƙara duban na wani. Ko ka je bangon duniya, ƙafarka za ta kawo ka.”

Ban taɓa jin maganata ta yi mini muni a kunne kamar ran nan ba. Ranar da na rubuta ta, sai da na tashi na taka rawa ni kaɗai a ɗakin yaji.

Hajiya ta fassara wa faki kalma bayan kalma, ba ta rage ko wasali ba. Tsohon ya ajiye carbi. Kafaɗunsa suka fara motsi, na ɗauka salati zai yi, ashe dariya ce ta kama shi har da tari. Da ya lafa ya ce babu aya a ciki, babu hatimi, babu sunan kowa daga mutanen ɓoye, kuma a iya saninsa babu aljanin da ke karɓar aiki da irin wannan surutu. “Wannan ba mihaya ba ce, Hajje. Wannan cika baki ne.”

“Shi ne sana'arsa,” in ji ta.

Sai ga shayi. Ban taɓa ganin kofin da ya yi mini kyau kamar wannan ba. Na kurɓa, na fara tsara yadda zan ba Yaya labari, da inda zan ƙara gishiri. Hajiya ta bari sai da na kai rabi.

“Ni na yarda, ya wiledi. Faki ya yarda. Amma maganar ta riga ta shiga gidaje. Matan maniyyata sun zo nan da ƙafarsu sun ce in da jan sa a guzuri, a cire sunan mazansu. Ba zan bi kowa da madubin kwalli ba.”

“To a buga sabo, ba rubutu a baya, a sa shi a waje…”

“Ko ka buga shi a goshinka. San suke gudu.” Ta ɗauki ɗan gefen kilishin da tawada ba ta taɓa ba, ta tauna a hankali. “Amma hannun yayanka babu irinsa, kuma ni da babanku ba mu rabu da faɗa ba. Ku yi mini kamar kullum. Ku kawo a kwali, ba sa, ba suna, ba Digel. Ni zan zuba a ledata. In an tambaye ni, daga Nijar aka kawo mini. Kalas, shi ke nan.”

Na shanye sauran shayin. Na nemi takalmina.

Na iske Yaya a ƙofar sashensa, zaune kusa da dutsen wasa wuƙa. Na ba shi labari tiryan-tiryan, ban ƙara komai ba, abin da ya ba ni wuya ƙwarai.

“An taɓa alhazai?” in ji shi.

“Naman zai je Makka, Yaya.”

“Sunan fa?”

“Sunan zai huta bana.”

Ni kuwa ina kallon wuƙar da ke kan cinyarsa, ina tunanin yadda mutum zai ciyar da iyali da baki zalla, ko maroƙi zan koma. Can ya miƙe, ya ɗaga dutsen, ya wuce ni da shi zuwa filin shanya. Daga can na ji ya ce, “Tunkuza ta ƙare.” Na fita saye da gudu, da babbar rigata da komai.

Muka yi wa Hajiya aikinta cif. Na butik-butik kuwa sai da aka ɗauki lokaci kafin su dawo ɗaya bayan ɗaya. Etiket ta koma waje, bayanta fari, a cikin 'yar ledarta ita kaɗai kamar mai takaba. Mai keken nan ba a taɓa kama shi ba. Har yau ban wanke direba ba, ban wanke mai ɗab'i ba, kuma ina so wani ya gaya mini wanda ya fara ɗaga takardar ya leƙa ƙasanta, ya kuma bi gida-gida da labari. Bakano ya rantse ba shi ba ne. Ya sake zuwa har sau biyu neman malamin Japan, na biyun da zakara a hammata.

Bayan babbar salla alhazai suka fara dawowa. Muka je yi wa wani dattijon layinmu barka da sauka, ni da Yaya. Aka ba mu zamzam da dabino da hula. Har za mu tashi sai Alhaji ya ce mu dakata, ya shiga ciki ya fito da wani ƙunshi, ya kwance shi a hankali kamar zinariya ce a ciki. Ragowar guzurinsa ce, falle ɗaya da ɗan rumuzu.

“Musamman na rage muku,” in ji shi. “Na Nijar ne, Hajiya ta samo mana bana. A Mina har 'yan Sudan suna roƙo. Ba don in ɓata muku rai ba, amma ku ɗanɗana ku ji yadda ake kilishi. Ku yara ne, kuna iya koya.”

Yaya a lokacin ya ba hamsin baya. Na ji magana ta taso mini tun daga ɗan yatsan ƙafa, ta biyo gwiwa, ta iso maƙogwaro. Yaya ya ɗora hannunsa a kan cinyata ya danna. Ya karɓi fallen, ya ɗaga shi sama yana duban yankan, ya gutsura, ya tauna, ya tauna. Alhaji na jira, ni ma ina jira.

“Ba laifi,” in ji Yaya. “Citta ta ɗan yi yawa.”